Ta Ina Ake Ɗura wa Bindiga? Nazari a kan Ƙofar Ɗuri a Bindigogin Gasa

Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindiga gida uku, kuma kashi na uku ba da ƙarfinsa ko tsawonsa aka ware shi ba, sai da wurin da ake ɗura masa: bindigogin da ake ɗurawa ta baki. Lasin irin waɗannan yana hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ta farauta mai karɓar harsashi ta gindi, sai Sufeto Janar. Ta soja kuwa, irin mai harsashi .303, sai da yardar shugaban ƙasa. Ashe ko doka ta san cewa inda harsashi ke shiga ba ƙaramar magana ba ce, domin shi ke yanke tsawon lokacin da ke tsakanin harbi na ɗaya da na biyu.

Bahaushe ya riga doka gane haka, shi ya sa ya raɗa wa bindigarsa harba-ka-ruga. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah ya ga dalili. Mutum ya harba, hayaƙi ya turnuƙe, sai ya sauke bindiga ya kafa gindinta a ƙasa, bakinta na kallon sama, ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya zaro sandar ƙarfe ya yi ta dannawa. Kafin ya gama, dawakin da ya yi wa harbin sun wuce. A hawa wannan ba komai ba ne, tunda ƙara da hayaƙi ake nema. A dawa kuwa, gaban ɓauna da aka yi wa rauni, ƙafa ce maganinka.

Abin da ya rage wannan jira shi ne sakata. Kalmar ta dace, don aikinta ɗaya da na sakatar ƙofa: a ɗaga mariƙi, a ja baya, a tura gaba, a kwantar ta kulle. Sojan Furushiya sun karɓi bindigar Dreyse mai sakata a 1841, Mauser ya kai ƙirar ga kammala a 1898, Ingila kuma ta riƙe Lee-Enfield tun 1895. Rundunar Ingila da ta ci Kano a watan Fabrairun 1903 ta gindi take ɗurawa, ga kuma bindigar Maxim, alhali masu kare ganuwa yawancinsu kibiya da mashi da bindigar toka suke riƙe. Lee-Enfield ce sojanmu suka rataya zuwa Bama a yaƙin duniya na biyu, ita ce kuma 'yan sanda suka daɗe da ita, wadda aka fi sani da Mak 4. Ƙofarta a buɗe take ta sama da dama: a danna harsashi biyar-biyar daga sama har goma su shiga ciki, kwanso ya fice ta dama. Babu wanda ya tambayi soja ko shi bahago ne. Ƙira ɗaya aka yi wa kowa.

Bindigar gasa ta watsar da kusan duk wannan. Ba ta da rumbun harsashi, ɗai-ɗai ake sa mata da hannu, kuma ba don rowa ba. Gidan sakata shi ke ɗauke da bututu mai nauyi wanda ba ya taɓa katako ko'ina, saboda haka duk ramin da aka huda a jikinsa yana rage masa tauri, ƙarfe mai lanƙwasa kuwa ba ya maimaita motsi iri ɗaya a kowane harbi. Sai maƙera suka toshe ƙasan gidan, suka bar 'yar taga guda daidai shigar harsashi. Da zarar an kai nan, tambayar da soja bai taɓa yi ba ta taso: a wane ɓari za a huda tagar?

Amsar tana jikin mai harbi, ba a jikin bindiga ba. A Bisley ta Ingila, inda ake gasa tun 1890, kwance ake harbi rub da ciki, har nisan yadi 1,000. Hannun hagu yana ƙarƙashin bindiga, ɗaure tam da maɗauri zuwa damtse, ba ya motsi har a tashi. Hannun dama ne ɗan aike: shi zai ja sakata, shi zai ɗauko harsashi, shi zai taɓa kunama. Taga ta hagu ga wannan mutum wahala ce kawai. A gasar Olamfik ta mita 50, inda tsakiyar abin bara milimita 10.4 ne kacal, damuwar ta koma wani wuri. Ba ɓari ake gardama ba, nisa ne. In taga ta yi gaba da yawa, dole mai harbi ya ɗaga gwiwar hannunsa daga tabarma ya miƙa, kuma gwiwar da ta tashi da wuya ta koma gurbinta daidai. Shi ya sa kamfanin Anschütz na Jamus ya jawo tagar baya da milimita 30 a ƙirarsa ta 54.30. Tazarar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba.

Inda abin ya fi armashi shi ne gasar harbi a kan tebur, wadda ta fi ƙarfi a Amurka. Nan bindiga tana zaune a kan matashi gaba da baya, mai harbi na zaune a kujera ta gefen hagunta, hannuwansa biyu a sake. Harbi biyar ake so su shiga kusan rami ɗaya a yadi 100 ko 200, cikin minti bakwai. Abokin gaba ɗaya ne, iska. Ana kafa 'yan tutoci a tsakanin tebur da abin bara, mai harbi ya zuba musu ido, yana jiran su kwanta yadda yake so. In sun kwanta, yana so ya sallami biyar ɗin nan kafin iska ta sake shawara. Idan mariƙi da taga duk suna dama, hannu ɗaya zai yi ta kai-komo, na hagu na zaune ba aiki. Sai aka bar mariƙi a dama, aka mai da taga hagu: dama ta ja sakata, hagu ta jefa harsashi, ido kuma na ganin cikin tagar tunda fuska can take. (Mu da aka yi wa faɗa tun muna yara kan miƙa abu da hagu, wannan sai mun daure.)

Amma taga ɗaya a hagu ta zo da nata cikas. Kwanson da ke fita da harsashin da ke shiga hanya ɗaya suke bi, sai su yi kiciɓis da yatsu. Maƙera irin su BAT da Kelbly suka huda taga biyu, babba a hagu don ɗuri, ƙarama a dama don kwanso ya fice. Wasu kuma suka huda rami a ƙasa, kwanso ya faɗa da nauyinsa ta cikin katako ya sauka a tebur, ba tare da ya buge ko ya lotse ba. Wannan na da amfani ga mutanen da ke sake cika kwansonsu sau da yawa suna lallaɓa shi kamar ƙwai, sai dai gajeren kwanso kaɗai ramin ke ɗauka, irin na harsashin 6 PPC da Palmisano da Pindell suka fito da shi a 1975.

A ganina an cika zuzuta taga biyu. Wanda ya toshe ƙasan gida don tauri, ya dawo ya huda gefe biyu, ya mayar da wani abu daga cikin abin da ya saya, ko da yake maƙera na rama wannan da kaurin ƙarfe. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: taga ta hagu tana fuskantar kuncin mai harbi, in kwanso ya fashe, ta nan hucin zai nemi hanya. Sauri kuma ba kowane fage yake biya ba. A gasar F-Class, wadda aka sa wa sunan George Farquharson ɗan Kanada, kwance ake yi amma bindiga na kan matokari, hannun hagu a sake. Sai dai a wurare da yawa mutum ne ke cikin rami yana sauke allo ya nuna inda harsashi ya faɗa kafin a sake harbi. Komai saurin hannunka sai ka jira shi. Inda aka sa allo mai na'ura mai nuna sakamako nan take ne taga ta hagu ta fara samun kasuwa.

A jihar Neja wannan lissafi na daƙiƙoƙi bai tsaya a filin wasa ba. Maharba da 'yan sa-kai na Shiroro da Munya da Rafi da yawansu da bindigar toka suke tsaron ƙauyukansu, ɗan fashin da ke fitowa daga daji kuma yana riƙe da AK-47 mai harsashi talatin a rumbu.