Shin Hali Zanen Dutse Ne?

Mun tashi muna jin manya na cewa hali zanen dutse ne. Masana halayyar ɗan Adam a Amurka sun kusa shekara ɗari suna auna irin wannan magana, kuma sun sha ja-in-ja a kanta.

A 1928 Hugh Hartshorne da Mark May suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan dubban 'yan makaranta. An bar wa yaran ƙofar satar amsa, da maguɗi a wasa, da ɗauke 'yan kuɗi, alhali ba su san ana lura da su ba. Sai ga shi yaron da ya saci amsa ba lallai ne ya taɓa kuɗin ba.

Likitan ƙwaƙwalwa Harry Stack Sullivan, wanda ya yi jinyar samari masu taɓin hankali a jihar Maryland, ya ce a zama da mutane ake ganin hali, don haka can ya kamata a neme shi. Timothy Leary ya mayar da wannan tunani zane a 1957: da'ira mai layi biyu, ɗaya daga son juya mutane zuwa miƙa wuya, ɗayan daga ƙauna zuwa ƙiyayya. Na bayansa suka lura cewa sakin fuska kan jawo sakin fuska, mai nuna isa kuwa yakan sa na gabansa ya rusuna.

Walter Mischel ne ya tayar da ƙura a 1968, da ya nuna cewa gwajin hali a takarda ba ya faɗin abin da mutum zai aikata sai ɗan kaɗan. Wasu har suka ɗauka an binne batun hali ke nan.

Amsar da ta fi gamsar da ni daga Mischel ɗin ta fito a 1995, shi da Yuichi Shoda, bayan nazarin yara a wani sansanin hutu. Wani yaro da zarar sa'o'insa sun tsokane shi sai dambe, amma babba na tsawata masa sai ya yi tsit. Wani kuma tsawar babban ce ke harzuƙa shi, tsokanar yara ko a jikinsa. Kowanne kuma haka yake maimaitawa. Ashe halin yana nan daram, sai dai yana tafe da sharaɗi.

Saboda haka, iyaye da malamai, kafin ku laƙaba wa yaro fitinanne, don Allah ku duba da wa yake fitinar, kuma me aka yi masa kafin ya fara.