Hasumiyar Tace Mai: Tarihin Awonta da Darasin Matatar Kaduna

Duk wanda ya hango matatar mai daga nesa, dogayen hasumiyoyin ƙarfe zai fara gani. A cikinsu ake rarrabe ɗanyen mai. Akan dafa shi har zafinsa ya kai kimanin digiri 350, sai tururinsa ya riƙa hawa yana ratsa farantai masu huji da aka jera hawa-hawa. Iskar gas da fetur kan fita ta ƙoli, kananzir da man dizal ta tsakiya, baƙin mai kuwa ya kwanta a gindi.

A shekarar 1813 ne Cellier-Blumenthal ya yi rajistar hasumiya mai aiki ba tsayawa a Faransa, amma an shafe shekaru masu yawa ana ƙera irinta bisa gwaji da kintace. A 1925 McCabe da Thiele suka fito da wata hanya ta lissafa adadin farantai a Amurka, wanda shi ke yanke tsawon hasumiya. A 1934 kuma Souders da Brown suka tsara lissafin faɗinta. Idan ta yi ƙunci, tururi zai yi gudu fiye da kima, ya kwashi ruwan man zuwa sama, tacewa ta lalace. Idan faɗin ya wuce ƙa'ida, tururin zai raunana, ruwan ya zurare ta hujin farantai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ke nan kowace hasumiya ana yanka mata awo ne gwargwadon irin man da za ta sha. Matatar Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na Japan ya gina aka buɗe a 1980, shaida ce a kan haka. An tsara ta kan ganga 100,000 a kullum, aka raba aikin gida biyu. Sashe ɗaya na tace man Nijeriya mara nauyi. Ɗayan an auna shi ne domin mai nauyi da ake shigowa da shi daga Benezuwela da Kuwait da Saudiyya, saboda daga irinsa ake samun man juye, da kakin kyandir, da kwalta. A 1986 aka ɗaga ƙarfin sashen farko daga ganga 50,000 zuwa 60,000.

Wannan zaɓi ya ɗaure matatar ga jiragen ruwa da dogon bututun da ya taso daga yankin Warri. Duk sa'ad da aka fasa bututun, ko man waje ya yanke, hasumiyoyin sai su zauna ba aiki, Arewa ta ji a jikinta.

A 2019 matatar Ɗangote da ke Legas ta karɓi hasumiya mai tsawon fiye da mita 110, wadda aka auna domin ganga 650,000 a kullum. Girma ya ƙaru, amma tambayar da injiniya ke farawa da ita ba ta sauya ba: wane irin mai ne, nawa ne, kuma ta ina zai iso?