Suna Linzami: Abin da Allunan Sakkwato Suke Koya Mana



Wata Lahadi da yamma, bayan an tashi daga taron zumunta, wani ɗan'uwa da ya gama makaranta yana neman aiki ya tsaya ya yi mana tambaya. Ya ce sunansa na baftisma yana saurin nuna ko shi wane ne. Shin laifi ne in ya ajiye shi, ya rubuta sunan kakansa kawai a takardar neman aiki? Ba mu yi masa dariya ba, ba mu kuma yi masa faɗa ba, domin duk wanda ya zauna a garin nan, musamman wanda ya ga watan Mayu na 2022, ya san inda tambayar ta fito. Muka ce ya ba mu lokaci. Wannan rubutu shi ne amsarmu, sai dai za mu bi ta cikin tarihin garinmu kafin mu kai gare ta, gama Sakkwato gari ne da ya san nauyin suna.

In ka hau kabu-kabu daga Gidan Dare zuwa cikin gari, da wuya ka faɗi inda za ka ba ka ambaci sunan wani babban mutum ba: Titin Ahmadu Bello, Titin Abdullahi Fodiyo, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Kullum muna kiran sunayen nan, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi abin da masu su suka yi. Wani zai ce ai tarihin maƙwabtanmu ne, ina ruwanmu? Da ruwanmu. Annabi Irmiya ya umarci mutanen Allah su nemi zaman lafiyar birnin da suke zaune a ciki (Irmiya 29:7), mutum kuwa ba ya neman alherin garin da bai san labarinsa ba.

Al'adar ta fara ne daga cikin gida. Bahaushe yakan sa wa ɗansa sunan mahaifinsa ko na malaminsa ko na wani da ya yi masa halacci, a ce an yi masa takwara. Daga nan alkunya ta shigo: uwa ba za ta iya kiran sunan surukinta gatsau ba, sai a riƙa ce wa yaron Abba ko Baba, yarinya kuma Ummi ko Inna. Wato tun yana cikin zanen goyo ana girmama shi saboda wani da ya riga shi. Takwaran kuma, in yana raye, yakan ɗauki nauyi: ya yi wa yaron ɗinkin salla, ya tambayi karatunsa, ya tsawata masa in ya kauce. Shi ya sa Hausawa suka ce suna linzami ne. Linzami na juya doki zuwa inda ake so ya bi.

Babu wanda aka yi wa takwara a ƙasar nan kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya fara jihadi a 1804, ɗansa Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809, Shehu ya rasu a nan a 1817, Hubbarensa yana cikin gari har yau. Girman da ake ba shi ya kai ga duk wani mai suna Usman ana iya ce masa Shehu, ko da bai taɓa koyar da kowa ba. Shugaban ƙasa na 1979 zuwa 1983, Alhaji Shehu Shagari, sunansa na yanka Usman ne, Shagari kuma garinsu. Malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa, saboda haka da aka sa wa kwalejin horar da malamai ta garin nan sunansa, sunan ya dace da aikin. Jami'ar da aka kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, a 1988 aka mayar da ita Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A shekarar nan ce kuma Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu, bayan shekara 50 a gadon sarauta tun daga 1938, filin jirgin samanmu kuma yana ɗauke da sunansa.

'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, labarin sunanta ya kamata 'yan matanmu su ji. Tagwaye aka haife su ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da sunan 'yan biyu za a sa mata, amma masu rubuta tarihinta sun ce mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u 'yar Abubakar, wadda Musulmi suke tunawa da ita saboda ƙarfin zuciyarta. Ta girma ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata shugabanni da ake kira jaji suke zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan ƙauyuka. Makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa a Arewa suna amsa sunanta. An ara mata sunan wata, ta riƙe shi da kyau, har ita ma ta zama wadda ake yi wa takwara.

Ba kowane suna a allo yake da irin wannan rai ba. Akwai Titin Clapperton a garin nan. Hugh Clapperton sojan ruwa ne ɗan ƙasar Sikotilan. Ya iso Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Bello ya karɓe shi, ya sake dawowa a 1826. Cikin kyaututtukan da ya kawo a zuwa na biyu akwai littattafan Larabci, har da Zabura da Sabon Alkawari. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu a nan ranar 13 ga Afrilu, 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye a bayan gari. Yau ka tsayar da masu wucewa ta titin ka tambaye su ko wane ne shi, sai wanda ya yi karatun tarihi zai amsa. Allo yana riƙe haruffa ne kawai. Mutane ne suke riƙe labari, kuma sukan riƙe na wanda ya taɓa rayuwarsu.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan tun da daɗewa. Kayinu ya gina birni ya sa masa sunan ɗansa (Farawa 4:17). Masu ginin hasumiyar Babila suna ne suke so su yi wa kansu, Allah ya warwatsa su. Absalom, da ya ga ba shi da ɗan da zai sa a tuna da shi, ya kafa ginshiƙi ya kira shi da sunan kansa (2 Sama'ila 18:18), amma abin da muke tunawa da shi yau tawaye ne ga mahaifinsa. A zamanin Ubangijinmu, Filibus ɗan Hirudus ya gyara wani tsohon gari mai suna Faniyas, ya sa masa Kaisariya Filibi, don ya girmama Kaisar ya kuma manna nasa sunan a gefe. Mulkin ya wuce, sunan girmamawar ya faɗi, mutanen wurin suka koma ga tsohon suna, har yau Baniyas ake cewa. Abin da ya sa duniya take tunawa da Kaisariya Filibi shi ne a yankinta Yesu ya tambayi almajiransa ko wane ne shi, Bitrus ya shaida shi ne Almasihu (Matiyu 16:13–16).

Mu ma a gidanmu na bangaskiya muna da tarihin takwara. A 1821 aka kama wani yaro Bayarabe mai suna Ajayi aka sayar da shi bawa. A 1822 sojan ruwan Ingila suka tare jirgin da ke ɗauke da shi, suka sauke shi a Saliyo. Da aka yi masa baftisma a 1825, sai ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar mishan ta CMS. Yaron nan ya yi aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, ya kai bishara gaɓar Kwara, a 1864 kuma aka naɗa shi bishop, baƙar fata na fari a cocin Angilika. Yau in aka ce Crowther, babu mai tuna Baturen Landan. Akwai jami'a a Oyo mai sunan Ajayi Crowther. Wanda aka ara wa suna shi ya raya sunan.

Haka kuma samari uku da suka sauka Legas a watan Disamba na 1893 da niyyar kawo bishara cikin ƙasar nan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent a Bida. Bingham ya koma gida da ciwo, ya sake gwadawa ya kasa, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. Daga wannan aiki na SIM ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Makarantar Kent da ke Miyango da Jami'ar Bingham da ke Karu, wadda aka kafa a 2005, suna tuna mana da su. Shekarunsu ba su wuce na yawancinku ba sa'ad da suka hau jirgi.

Amma ga abin da ya kamata mu lura da shi. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka karɓi aikin jinyar masu cutar kuturta a lardunan Kano, Katsina da Sakkwato. Namu shi ne na Amanawa, a ƙasar Dange-Shuni. 'Yan ƙasa da yawa ne suka wanke gyambo a wurin, suka raba magani, suka koyar da karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka gama bugawa a 1932. Waɗansu sun shigo a marasa lafiya suka fita a masu bishara. Ba mu da titi ko makaranta da sunansu. In da allo ne ma'aunin aiki, da sai a ce ba su yi kome ba. Yesu kuwa ya ce wa almajiransa abin murna shi ne an rubuta sunayensu a sama (Luka 10:20). Sai mu tuna da wannan a duk lokacin da za mu sa wa ɗakin taro suna ko mu zaɓa wa jariri takwara, kada ya zama mai kuɗi kaɗai muke gani, mu manta da tsohuwar da ta shekara talatin tana share majami'a tana yi mana addu'a.

Yanzu mu dawo ga tambayar ɗan'uwanmu. Birnin Antakiya, wanda yake cikin ƙasar Turkiyya a yau, wani sarki mai suna Selukas ne ya kafa shi wajen shekara 300 kafin haihuwar Almasihu, ya sa masa sunan mahaifinsa Antiyokas. A wannan birni mai sunan uban sarki aka fara kiran almajirai Kirista (Ayyukan Manzanni 11:26). Mutanen gari ne suka dubi zamansu da maganarsu suka laƙaba musu sunan wanda suke bi. Ashe dukanmu an yi wa Almasihu takwara da mu, ko sunanka Bulus ne, ko Ɗanjuma, ko Ladi.

Saboda haka ba za mu kafa maka dokar da Littafi bai kafa ba. Sunan kakanka naka ne, amfani da shi ba zunubi ba ne muddin yana cikin takardunka na gaskiya. An kira Daniyel da sunan da ya fito daga gunkin Babila, bai daina addu'a sau uku a rana ba. Esta ta ɓoye asalinta na ɗan lokaci bisa shawarar Mordekai, amma ranar da ran mutanenta ya dogara ga maganarta, ta faɗi ko ita wace ce a gaban sarki. Iyakar tana nan: kada ka yi takardar ƙarya, kada ka ɗauki sunan da zai sa a zaci kai wani ne, in kuma aka dube ka aka tambaye ka ko kai mai bin Yesu ne, kada ka yi musu. Ubangijin da ya ce mu zama masu azanci, a sura guda ya yi kashedi a kan yin musun saninsa a gaban mutane (Matiyu 10:16, 33). Ka binciki zuciyarka a gaban Allah, ka ga ko hikima ce take jan ka ko kunya. In ka taɓa faɗuwa a nan, ka tuna Bitrus ya yi musu sau uku, Ubangiji kuma ya maido da shi.

In ka sami aikin, ka sani ba a takarda za a karanta sunanka na ainihi ba. Za a karanta shi a lokacin zuwanka ofis, da yadda kake riƙe kuɗin da ba naka ba, da yadda kake gaida maƙwabcinka Musulmi, kana zuwa masa suna da ta'aziyya.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya tambayi iyayensa sunan wa aka sa masa, da dalili. Ya zaɓi titi ɗaya da yake bi kullum ya nemi labarin mai sunan. Ya kuma karanta Luka 1:57–66, inda dangi suka so a yi wa Zakariya takwara, Allah kuwa ya riga ya zaɓi suna Yahaya. Za mu tattauna a taronmu na gaba.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu, da waɗanda aka rubuta sunayensu a alluna da waɗanda kai kaɗai ka san su. Ka ba garinmu Sakkwato salama. Ka buɗe wa matasanmu ƙofar aiki, ka cire musu tsoro, ka sa kada a zagi sunan Ɗanka saboda halinmu. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.