Da Na Gaba Ake Gane Zurfin Ruwa: Tarihin Zaɓin Karatu da Sana'a a Ƙasar Gumel

Duk shekara idan lokacin rajistar jarrabawar JAMB ya zo, ana tambayar ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Ɗanzomo da Gagarawa da Maigatari abin da suke so su karanta, kamar dai amsar tana cikin zuciyarsu kaɗai. Akasari akan ji likitanci, ko aikin jinya, ko lauya, ko aikin kwastan. Bayan shekara biyu kuwa, da yawa daga cikinsu a Kwalejin Ilimi ta Gumel za a same su, wasu kuma a kara suna koyon dillancin dabbobi. Tazarar da ke tsakanin abin da yaro ya faɗa da inda ya ƙare tana da tarihi, kuma tarihin ya girmi Jihar Jigawa nesa ba kusa ba.

Masarautar Gumel, wadda a yau ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba a ƙarni na 19. Sarakunanta Mangawa ne, alaƙarsu da Barno take, shi ya sa har gobe ake ce wa sarkinta Mai. Wannan alaƙa ta shafi karatu kai tsaye. A wancan zamani, "ci gaba da karatu" na nufin tafiya gabas: yaro ya bar gida ya bi alaramma, ya tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, ya dawo da hadda ko da rubutun Alƙur'ani da ka. Uba ne ke yanke shawara, kuma lissafinsa a fili yake. Damina a nan gajeriya ce, rani dogo ne, rumbu ba ya kai gida ga wata kaka a kowace shekara. Tura yaro karatu bayan an yi girbi yana rage bakin da ake ciyarwa, yana kuma samar wa gida malami. Addini da tattalin gida sun haɗu a shawara guda, babu wanda ya ga saɓani a tsakaninsu.

Turawa sun karɓi ƙasar a 1903 suka sanya Gumel cikin Lardin Kano. Makarantar da Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, an kafa su ne domin biyan wata bukata ta mulki: samar da 'ya'yan sarakuna masu iya karatun boko da lissafi, da malaman da za su koyar da na bayansu. Yaron ƙasar Gumel da ya gama elemantare ya yi zarra, Midil ta Kano ce gabansa, wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. Bayan ta kuma En'e ce ke jiransa da ayyukan da ta tanada: malamin haraji, malamin hakimi, malamin gona, malamin dabbobi, malamin daji, malamin asibiti, malamin makaranta. Ɗalibi bai cika zaɓar ɗaya daga cikinsu ba. Hedimasta da majalisar sarki ne ke duba inda ake da gurbi su tura shi. Tun farko ma shigarsa makarantar ba da son iyayensa ba ne a lokuta da dama, domin dagaci ne aka ce ya kawo yara kaza, masu hali kuwa suka san yadda za su ɓoye nasu.

A daidai wannan lokaci wata hanya ta buɗe wadda ba ta bukatar takardar shaida. Layin dogo da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, ya mayar da gyaɗa kuɗi a hannu. Saurayin da ya iya awo da lissafin buhu yana iya zama yaron ɗan kamasho, daga nan ya zama mai sayen gyaɗa da kansa. Daga wannan zamani ne makaranta ta sami kishiya a ƙasar Gumel, kuma kishiyar ba ta taɓa fita daga gidan ba. Abin da ya sauya kawai shi ne hajar da ake ciniki.

Shekarun 1970 su ne suka juya lissafin iyaye. Farin 1972 zuwa 1974 ya cinye amfanin gona da dabbobi a duk wannan yanki na bakin iyaka, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 kuma ta karya kasuwarta. A tsakiyar wannan ƙunci ne ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashin Udoji. Manomin da ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi hatsi ya ga malamin firamare na garinsu ya sayi sabon babur. Babu wani mai wayar da kai da ya taɓa yi wa boko talla irin wadda wannan babur ya yi. Da aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai bukatar malamai ta wuce yadda ake zato, kuma a wannan shekara ce Gwamnatin Jihar Kano ta kafa babbar makarantar horon malamai a Gumel, wadda ita ce Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa a yau. Wanda ya fito daga makarantar horon malamai a lokacin, aiki ke jiransa tun bai karɓi sakamako ba.

Tasirin wannan kwaleji ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana nuna ƙarfin kusanci. Ɗalibin Sule Tankarkar ko Ɗanzomo da ke karatu a Gumel yana iya zuwa gida ƙarshen mako ya ɗebo gero da wake, ya taya mahaifinsa noma da damina. Zuwa Zariya ko Kano kuwa na nufin kuɗin mota da na haya da na abinci. Ga 'ya mace lamarin ya fi haka nauyi: iyaye da yawa da za su hana ta tafiya nesa suna amincewa da Gumel, miji ma yakan yarda ta ci gaba daga ɗakinta. Saboda haka yawan masu takardar NCE a wannan ƙasa bai isa shaida cewa duk koyarwa suke sha'awa ba. Ita ce ƙofar da ke buɗe a inda aljihu da yardar gida za su iya kaiwa.

Gwamnati ta kuma gwada juya akalar zaɓin da gangan. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar, daga baya aka ƙara da na Kafin Hausa da na 'yan mata a Taura da Jahun, waɗanda yanzu duk suna cikin Jigawa. Ana tsamo masu ƙwazo da jarrabawa, a ba su malamai da ɗakunan gwaji, a nuna musu hanya ɗaya. Shirin ya yi aiki: da yawa daga cikin likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa na yau daga can suka fito. Sai dai ya bar wani gado a tunanin jama'a, wato cewa yaro mai ƙoƙari kimiyya yake yi, mai kimiyya kuma likita yake zama. Gurbin likitanci a jami'o'i kuwa kaɗan ne ƙwarai. Wanda bai samu ba yakan karɓi duk fannin da aka ba shi, ya yi shekara huɗu yana karanta abin da bai taɓa nema ba.

Ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991 ya sake maimaita abin da ya faru a 1976. Sabbin ma'aikatu a Dutse da ƙananan hukumomi, waɗanda yawansu ya kai 27, sun buɗe guraben aiki, aka sake tabbatar wa iyaye cewa takarda tana haifar da albashi. Makarantu suka ƙaru: Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, jami'ar jiha a Kafin Hausa a 2013, ga makarantun kiwon lafiya a Jahun da Birnin Kudu. Masu kammala karatu suka ninka, guraben aikin gwamnati kuwa ba su bi sahu ba. Darajar albashi ma ta daɗe tana zaizayewa tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986.

Nan ne kasuwar Maigatari ta shigo lissafi da ƙarfinta. Duk ranar Alhamis shanu da raƙuma da tumaki na shigowa daga Nijar, manyan motoci na lodin riɗi da zoɓo, 'yan canji na juya naira da sefa. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai yana ganin sa'ansa da ya bar makaranta ya yi aure ya gina ɗaki, yana kuma ganin yayansa mai digiri yana jiran a kira shi aiki. Idan aka ƙara da yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya shafe wata takwas, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma kasuwar ma ba ta da tabbas. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Matasan da suka dogara da ita kaɗai sun ɗanɗana abin da masu gyaɗa suka ɗanɗana a 1975.

Idan aka jera waɗannan zamunna, abu ɗaya ke maimaituwa. Hausawa na cewa da na gaba ake gane zurfin ruwa, kuma haka ɗalibai da iyayensu ke yi: suna duban wanda ya riga su, su auna abin da ya samu. Matsalar ita ce ruwan yana sauya zurfi kafin na baya ya shiga. Wanda ya shiga makaranta saboda babur ɗin malamin 1975 ya fito ya tarar da albashin bayan 1986. Wanda ya nemi digiri saboda ayyukan 1991 ya fito ya tarar an rufe ɗaukar aiki. Shawarar ba ta wauta ba ce. Labarin da aka gina ta a kai ne ya tsufa da shekara goma ko fiye.

Wannan giɓi na labari shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin gyarawa, kuma yana hannun 'yan ƙasar da suka riga suka yi nisa a aiki. Ɗalibin Ɗanzomo ya san malami da ma'aikacin jinya da jami'in kwastan domin su yake gani. Da wuya ya taɓa zama da likitan dabbobi, ko mai gwajin ingancin riɗi kafin a fitar da shi waje, ko mai haɗa wutar sola da famfon ban ruwa, alhali ayyuka ne da kasuwar da ke ƙofar gidansu ke bukata. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin fenti da kujeru za su iya ware yini guda kafin a buɗe rajistar JAMB, su shiga aji su faɗi gaskiyar aikinsu: makin da ake nema, shekarun karatu, kuɗin da ake kashewa, tsawon jiran aiki, da abin da ake samu a ƙarshen wata. Ya kamata iyaye su kasance a wurin, domin tun zamanin tafiya gabas har yau, a zaure ake yanke wannan shawara.