Bindigar toka da gonar shinkafa: ɗan tarihi

Jama'a, tunda damina ta kama kuma an fara kukan ɓarnar gafiya, birai da tsuntsayen jan-baki a fadamar Argungu, bari in ɗan taɓo tarihin bindigar toka, wadda maharbanmu ke ɗura wa albarushi da hannunsu.

Kabi ba da bindiga ta yi suna ba. Zamanin Kanta, doki da mashi da kwari da baka ne kayan yaƙi. Ko lokacin da Birnin Kebbi ta faɗa hannun masu jihadi a 1805, da lokacin da Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa a 1849, bindiga ba ta yawaita a ƙasar nan ba. Wanda ya leƙa gidan tarihi na Kanta a Argungu zai ga irin makaman da ake ji da su a da.

To ina ta fito? Daga bakin teku, ta hannun fatake. A 1890 Turawa suka yi yarjejeniya a Brussels, suka hana shigo da bindigogin zamani mafi yawan Afirka, amma suka bar tsohuwar bindigar da ake ɗurawa ta baki, da albarushinta. Maƙeranmu suka koyi gyara ta, daga baya suka koyi ƙera ta. Da yaƙe-yaƙe suka lafa bayan 1903, sai ta koma kayan gona da farauta. Dokar makamai ta 1959 ma ta ware ta daban: Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisinta.

Ba mu kaɗai ke ɗura harsashi da hannu ba. A Amurka akwai maharban da ke haɗa nasu don kashe dabbobin da ke ɓarna a gona da makiyaya. Tun 1935 kamfanin Winchester ya fitar da wani ƙaramin harsashi mai gudun sama da mita 1,200 a daƙiƙa ɗaya. Bambancin shi ne su da sikeli suke awo, bututun bindigarsu kuma an gwada ƙarfinsa. Namu da ido ake awo, bututun sau da yawa na ruwa ne. In albarushi ya yi yawa, ƙarfe ya fashe, sai yatsu ko ido su tafi. Ba banza ake ce mata harba-ka-ruga ba.

Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, noman shinkafa ya ƙaru, masu ɓarna ma suka ƙaru. Amma mu faɗi gaskiya, bindigar toka ba ta maganin jan-baki. Tsuntsun da ke sauka dubu-dubu, harbi ɗaya sai dai ya tashe shi zuwa gonar maƙwabci. Maganinsa feshi ne a inda yake kwana, kuma a kan lokaci.

Abin da ya fi damuna, yau wannan bindigar ta gafiya ita ake miƙa wa matasa su tari masu AK-47. Ni dai a ganina, a yi wa maharba rajista ta hannun sarakunan gargajiya, tsofaffin maharba su koya wa yara ƙa'ida, gwamnati kuma ta riƙe nata aikin na tsaro da feshi.

Ku a garinku, akwai sauran maƙerin da ke gyaran ta? Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana gonakinmu.