"Gunmen of the Apocalypse": Kashin Red Dwarf na Kaboyi

"Gunmen of the Apocalypse" shi ne kashi na 3 a zango na 6 na Red Dwarf, wasan barkwancin Birtaniya da tashar BBC2 ta fara nunawa a 1988. Rob Grant da Doug Naylor ne suka rubuta shi, Andy De Emmony ya ba da umarni, aka haska shi ranar 21 ga Oktoba, 1993.

Red Dwarf labarin wasu 'yan ku-ci-ku-ba-mu ne su huɗu da suka ɓace a sararin samaniya: Lister, ɗan Adam na ƙarshe, ƙazami na bugawa a jarida; Rimmer, matsoracin da ya mutu kwamfuta ta dawo da siffarsa; Cat, wanda kakanninsa kyanwoyi ne; sai Kryten, mutum-mutumi mai shara da wanki. To me ya haɗa su da doki da bindiga?

Wasu miyagun mutum-mutumi ne suka cusa wa kwamfutar jirginsu, Starbug, ƙwayar cuta, jirgin ya miƙe sai wata duniya mai aman wuta, ba birki ba kwana. Kryten ya ɗauki cutar da gangan domin ya haɗa maganinta a cikin kansa, sai artabun da yake yi da ita ya zame masa mafarki. A mafarkin shi ne ɗan doka na wani gari mai suna Existence, amma giya ta gama da shi, har bindigoginsa yake neman musanyawa da kwalba. Cutar kuwa ta zo a siffar 'yan bindiga huɗu, Mutuwa da Yaƙi da Yunwa da Annoba, mahayan da littafin Ru'ya ta Yohanna ya ambata, suka ba shi wa'adin barin gari.

Sauran ukun sun bi shi cikin mafarkin ta na'urar wasan kwamfuta, kowa da baiwarsa: Lister gwanin jifa da wuƙa, Cat mai saurin zaro bindiga, Rimmer ɗan dambe. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi a silima zai gane kayan nan: ƙofar mashaya mai lilo, faɗan da ake farfasa kujeru, titin da ke yin tsit kafin harbi. Inda dariyar ta fi armashi shi ne lokacin da cutar ta goge baiwar tasu, Rimmer bai sani ba yana ta cika baki. Gwanintar marubutan ita ce ba su ɗora kaboyi don ado kawai ba. Da shi suka nuna wa mai kallo abin da ido ba ya gani, wato manhaja tana kokawa da manhaja. A ƙarshe bindigogin Kryten sun rikiɗe sun zama kurciyoyi, maganin ke nan.

An ɗauki wuraren waje a Laredo, wani ƙauyen kaboyi na kwaikwayo da masu sha'awa suka gina a Kent, kudu maso gabashin Ingila. Denis Lill ne ya fito a matsayin shugaban miyagun, shi ne kuma Mutuwa.

A 1994 kashin ya ci lambar yabo ta International Emmy. Daga baya Rob Grant, bayan sun raba gari da Naylor, ya sake amfani da labarin a littafinsa Backwards na 1996, inda ya rage raha ya ƙara zubar da jini.