Mallawa: ƙasa, jama'a da tattalin arzikin ƙaramar hukumar bakin iyaka

Mallawa ƙaramar hukumar karkara ce da ke cikin gundumar Dungas, a kudancin jihar Damagaram ta jamhuriyar Nijar. A takardun gwamnati da ake rubutawa da Faransanci sunan kan fito da siga iri-iri, wani lokaci Malawa, wani lokaci Mallaoua, amma wuri ɗaya ne. Garin Mallawa shi ne mazaunin ma'aikatar magajin gari, kuma nan ne fadar sarkin kanto take. Ta kudu ƙasar ta yi iyaka da tarayyar Najeriya, ta yamma tana kallon Dungas, ta arewa akwai Gushi, gabas kuma sai a shiga ƙasar Gure.

Har yau wasu kan ce Mallawa ta Magarya, kuma ba su yi ɓatan kai ba. Shekaru da dama kanton Mallawa yana ƙarƙashin Magarya, tare da Bande, Dancawo, Dungas, Gushi da Waca. A shekarar 2011 ne gwamnati ta ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, aka yanke Dungas daga Magarya, aka ba ta ƙananan hukumomi huɗu: Dungas, Dogo-Dogo, Gushi da Mallawa. Ita kanta ƙaramar hukumar ta samo asali daga dokar 2002 da ta raba ƙasar zuwa ƙananan hukumomi 265, zaɓen kansiloli na farko kuma aka yi shi cikin watan Yulin 2004. A watan Afrilun 2024 hukumomin mulkin soja sun rushe majalisun kansiloli a duk faɗin ƙasar, suka damƙa jagorancin ƙananan hukumomi ga jami'an da suka naɗa.

Yanayin ƙasa

Ƙasar Mallawa shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen kirki, babu kogin da ke gudana shekara zagaye. Abin da ido ke gani shi ne jigawa, wato rairayin da iska ta tara tun zamanin da, ciyawa da itatuwa suka riƙe shi, sai kuma kwari da fadamu a tsakanin tuddai. Yankin yana cikin abin da masana ruwa ke kira kwarin Korama, wanda ya ratsa kudancin Damagaram daga wajajen Matamaye ya nufi gabas, ruwansa kuma na cikin na tafkin Chadi ne. Alherin wannan kwari shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. A cikin fadama mutum kan tona rijiya gaba ɗaya ko biyu ya tarar da ruwa, abin da ɗan Tanut ko ɗan Damargu zai ji kamar almara. A kan tudu kuwa labarin daban ne, rijiya na da zurfi, mata da yara kan ɓata safiya wajen ja.

Damina kan kama daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka a shekara yana kai komo wajajen milimita 500, wata shekara ya wuce, wata ya gaza. Idan aka gwada da sauran ƙasar Nijar, wannan yanki ne mai rabo. Sai dai manomi ba jimillar ruwa ce ta dame shi ba, yadda ya rarrabu ne. Fari na kwana 20 bayan shuka yana iya sa a sake shuka har sau biyu, ruwa mai yawa cikin Agusta kuma ya kwanta a fadama ya cinye amfani, ya zubar da gidajen ƙasa. Daga Nuwamba hunturu ke shigowa da ƙura, zafi mai tsanani kuma ya biyo baya a watannin Afrilu da Mayu.

Wanda ya daɗe bai zo kudancin Damagaram ba, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne yawan itatuwa cikin gonaki, musamman gawo. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ƙasar ta yi fayau. Daga nan manoma suka fara barin tsiron da ya fito da kansa cikin gona, suna sassabe shi suna renonsa maimakon su tumɓuke. Ba wani babban shiri ne ya dasa waɗannan itatuwa ba, masu gonaki ne. Masu bincike da suka zagaya yankin Magarya, Matamaye da Mirya a tsakiyar shekarun 2000, lokacin Mallawa tana cikin Magarya, sun ƙiyasta cewa fili kimanin hekta miliyan 1 ne ya sake yin itatuwa ta wannan hanya. Dalilin zaɓen gawo a fili yake: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore, ƴaƴansa su zama abincin bisashe a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ban da gawo akwai kuka, aduwa, kanya, tsamiya da goriba, kowanne da amfaninsa a tukunya ko a kasuwa.

Jama'a

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna gundumar Dungas na da mutum 353,867, daga cikinsu sama da dubu 80 suna zaune a ƙaramar hukumar Mallawa. Jihar Damagaram baki ɗaya ta haura miliyan 3 da rabi a wannan ƙidaya, ita ce kan gaba a yawan jama'a cikin jihohin ƙasar. Waɗannan alƙaluma sun tsufa. Yawan jama'ar Nijar yana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara bisa lissafin wancan lokaci, wanda ke nufin ninkuwa cikin ƙasa da shekara 20, binciken lafiya na 2012 kuma ya sa matsakaicin haihuwar mace ɗaya a jihar Damagaram a kan ƴaƴa 8.5.

Hausa ce harshen kasuwa da na yau da kullum. Tare da Hausawa akwai Barebari, waɗanda yawansu ke ƙaruwa idan aka nufi gabas wajen Mangari, akwai Fulani a rugage da garuruwansu, akwai kuma Buzaye da suka zauna tun da daɗewa. Kusan kowa Musulmi ne, makarantun allo kuma sun riga lakwal zuwa da nisa. Har yau iyaye da yawa kan tura yaro karatu gabas ko Kano bayan an kawar da amfanin gona.

Ta fuskar tarihi, wannan yanki ya kasance tsakanin manyan ƙasashe: Borno ta gabas, Daura da Kano ta kudu maso yamma, sarautun Sosebaki irin su Dungas da Waca a maƙwabta, sai Damagaram da ta yi ƙarfi a ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimu, ta mamaye kudancin. Faransawa sun shiga Zinder a 1899. Iyakar da ake gani yau an tsayar da ita ne bayan yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906, tawagar Tilho kuma ta bi ƙasa ta kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba mulki, bai raba dangi ba. Aure, biki, jana'iza da neman magani duk suna ƙetare shi kullum.

Yawan jama'a shi ne babbar matsalar da ke gaban ƙasar noma. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma ke rabo, hutar da gona ya zama tarihi, burtali da makiyaya kuma suna ƙanƙancewa. Nan ne tushen yawancin rikicin manoma da makiyaya a lokacin kaka, kafin hukuma ta ba da ranar sakin gonaki. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye tun daga gunduma har ƙauye, amma a aikace galibin shari'ar gona a gaban mai gari da sarki take ƙarewa.

Noma, kiwo da kasuwa

Gero shi ne abinci, ana haɗa shi da wake a gona ɗaya, dawa kuma a inda ƙasa ta fi nauyi. Gyaɗa ta taɓa zama sarauniyar yankin. A shekarun 1950 da 1960 ƙasar Magarya tana cikin manyan wuraren da ke ba Nijar gyaɗar da take fitarwa waje, kamfanin gwamnati na SONARA da aka kafa a 1962 ne ke saye. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan ciniki, bai sake komawa yadda yake ba. Yau gyaɗa ta fi zama sana'ar mata, mai da ƙuli-ƙuli, kuɗin manomi kuma ya fi fitowa daga wake, riɗi da zoɓo. A fadamu ana noman rani: rake, rogo, dankali, albasa, tumatir, kabeji da tattasai. Ƙananan injunan ban ruwa sun sauƙaƙa aikin, amma sun ɗaure mai lambu da farashin mai.

Kiwo shi ne asusun gida. Akuya da tunkiya a hannun mata suke, kiwon rago don Babbar Salla kuma jari ne da ake lissafi da shi. Shanun huɗa da amalanke su ne motar ƙauye.

Ba a fahimtar kasuwar Mallawa sai an dubi kudu. Maigatari ta jihar Jigawa, wadda kasuwarta ke ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewacin Najeriya, kuma ta fi Zinder kusa nesa ba kusa ba. Can ake kai bisashe, wake da riɗi, a dawo da masara, taki, atamfa, robobi da kayan masarufi. Naira tana yawo a hannun jama'a kafaɗa da kafaɗa da sefa, ƴan canji kuma su ne ke faɗin yadda rana za ta kasance. Idan naira ta faɗi, kayan Najeriya sukan yi araha, amma wanda ya kai sa ko buhun wake sai ya dawo da kuɗin da ba su kai ba in an juya su sefa. Haka kuɗin ɗan ci-rani da ke aiko wa gida daga Kano ko Legas ke narkewa a hanya.

Shi ya sa duk matakin da aka ɗauka a Abuja ko Yamai nan take ake jin sa a nan. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, janye tallafin man fetur a watan Mayun wannan shekara, wanda ya rage ribar masu sayar da mai a kwalba, sannan takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kowanne ya taɓa farashin tiyar hatsi. Ciniki bai taɓa tsayawa cak ba, hanyoyin daji da ƴan kabu-kabu sun ci gaba da aiki, sai dai tsadar ta faɗa kan mai saye.

Lafiya da hanya

Lokacin da ya fi tsanani shi ne daga Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa saboda ruwan da ke kwance a fadamu. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa sukan haɗu a kan ƙananan yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki a Magarya tun 2005 saboda wannan dalili, a damunar 2018 kuma ta ba da sanarwar cewa yara kusan 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ana kuma raba maganin riga-kafin zazzaɓi gida-gida kowace damina. Da rani sanƙarau ne abin tsoro. Annobar da ta ɓulla a jihar Damagaram a ƙarshen 2022 ta shafi ɓangarorin iyakar biyu.

Yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauyukan Mallawa na rairayi ne, da damina wasu sukan yanke. Mai naƙuda ko yaro mai suma sau da yawa a amalanke ko bisa babur ake kai shi likita. Aikin hanyar Hamdara zuwa Waca, Dungas har iyakar Najeriya, mai tsawon kusan kilomita 110, wanda Bankin Raya Afirka ya amince ya ba da kuɗinsa, zai kusanto da kwalta ga gundumar, amma daga Dungas zuwa ƙauyukan gabas akwai sauran tafiya cikin rairayi.